Yadda Ake Zuwa Yawunde Ta Jirgin Ƙasa Daga Gaundare, A Zaga Gari A Dawo

Mutumin Garwa, Marwa ko Njamena da ke son ganin Yawunde, babban birnin Kamaru, yana da hanya uku: jirgin sama ga mai hali, mota ta Meiganga da Bertoua ga mai ƙarfin ƙugu, sai jirgin ƙasa da ke tashi daga Gaundare da yamma ya kwana yana tafiya. Ta ukun nake bi, ita kuma nake ba duk wanda bai taɓa gangarawa kudu ba shawara. Dogo ya iso Gaundare a 1974, nan ya tsaya har yau, shi ya sa ɗan arewa sai ya fara kai kansa can. Daga Gaundare zuwa Yawunde kilomita 622 ne, kamfanin Camrail ke riƙe da layin tun 1999. Abu ɗaya za ka sa a ranka tun yanzu: layin guda ne, shi jirgin fasinja da na kaya ke bi, mai zuwa da mai dawowa. Dole wani ya tsaya a wata tasha ya jira wani ya wuce. Lokacin tashi sananne ne, na isa kuwa sai yadda hali ya yi.

Kayan da za ka tanada

Katin ɗan ƙasa shi ne na farko, ko takardar da ake bayarwa kafin katin ya fito, muddin wa'adinta bai ƙare ba. Da shi ake yankan tikiti, shi kuma jandarmomi za su yi ta tambaya a shingayen hanya. Ɗan Chadi ba ya buƙatar biza tunda ƙasashen biyu duk suna cikin CEMAC, ƙungiyar tattalin arzikin ƙasashen tsakiyar Afirka, amma ya riƙe fasfo da katin rigakafin shawara. Ka ɗauki hoton takardunka a waya, ka kuma yi musu kwafi ka sa a wata jaka daban.

Kuɗi ka raba su uku: ɗan canji na ɗari-ɗari da ɗari biyar-biyar a aljihun gaba, masu kauri a aljihun ciki, ragowar a Orange Money ko MTN MoMo. Sefar Chadi ita ce ta Kamaru, babu canji. Wanda ya zo da ta Nijar ko da naira ya canza tun a arewa.

Sai rigar sanyi ko mayafi mai kauri, don Gaundare tana kan tudu sama da mita 1,000, dare kuma cikin jirgi akwai sanyi ko da ka baro zafin Garwa. Ka haɗa da buta, darduma, ɗan dutsen taimama, ruwan gora manya biyu, tocila, batirin cajin waya, sabulu da takardar goge hannu, da ƙaramin kwaɗo na kulle jaka. Guzuri kuwa wanda ba ya lalacewa: kilishi, dabino, burodi, soyayyar gyaɗa. Lema ko rigar ruwa ma kada ta tsaya a gida. Damina biyu ake yi a Yawunde, daga Maris zuwa Yuni, sannan daga Satumba zuwa Nuwamba, ƙasar kuma ja ce mai kama tufafi. Farar shaddarka ka adana ta sai ranar Juma'a.

1. Ka isa Gaundare da sauran rana

Daga Garwa kusan kilomita 280 ne, daga Marwa kusan 500. A takarda ba nisa, amma akwai hawan dutsen nan mai lanƙwasa kafin a shiga Gaundare inda manyan motoci ke rarrafe, ga shingaye, ga gyaran hanya. Mutumin Garwa ya hau motar asuba. Na Marwa, a ganina, ya taho tun jiya ya kwana a Gaundare. Kuɗin ɗakin kwana ɗaya bai kai asarar tikiti ba. Mai tasowa daga Njamena ko dai ya ƙetare gadar Nguéli zuwa Kusiri ya biyo ta Marwa, ko ya gangara Mundu ya shigo ta Touboro, wadda ke kawo shi Gaundare kai tsaye. Ya tambayi direbobi wadda ta fi lafiya a makon da zai tashi.

In ka iso da wuri ba ka da abin yi, fadar Lamiɗon Gaundare ta isa ta cinye maka awa guda, da zaurukanta na ƙasa masu rufin ciyawa.

2. Yankan tikiti

Wuri iri huɗu ne a jirgin. Aji na biyu kujeru ne, shi ya fi araha, shi kuma ya fi cunkoso: kaya, yara, masu hawa da sauka a ƙananan tashoshi, fitila a kunne har safe. Aji na ɗaya ma kujera ce, amma mai laushi kuma mai lamba. Sai kushet, wato ɗakin kwana, mai gado huɗu da mai gado biyu. Farashin da aka daɗe ana biya shi ne sefa 10,000 a aji na biyu, 17,000 a na ɗaya, 25,000 a mai gado huɗu, 28,000 a mai gado biyu. Ka duba allon tasha don ganin na ranar.

Matashi mai ƙaramar jaka zai iya jure kujera. Amma dattijo, mai juna biyu, mai tafiya asibiti ko mai yara, ya daure ya kama kushet. Tsakanin aji na ɗaya da mai gado huɗu sefa 8,000 ne kawai, wanda kuwa ya kwana a zaune ranarsa ta farko a Yawunde barci zai yi da ita, ya biya otal a banza. In akwai zaɓi ka nemi gadon ƙasa ga tsoho, na sama ga wanda ba ya son a dame shi. Hajiya mai tafiya ita kaɗai ta faɗa wa mai yankan tikiti tun farko cewa da mata take son a haɗa ta.

Kushet ke fara ƙarewa. Lokacin komawa makaranta a ƙarshen Agusta da farkon Satumba, da kwanakin Salla, da ƙarshen Disamba, wanda ya zo ranar tafiya da wuya ya samu. In kana da ɗan'uwa a Gaundare tura masa hoton katinka da kuɗi ya yanka maka kwana biyu ko uku kafin ka taso. Kada ka sayi tikiti a hannun ɗan kamasho a bakin tasha, ko da ya rantse maka. Sunan wani ne a jiki, mai duba tikiti kuma yana haɗawa da kati. In ya ƙare gaba ɗaya, ko ka jira gobe, ko ka hau babbar bas da ke bi ta Meiganga, Garoua-Boulaï da Bertoua. Ana zuwa, sai dai jiki zai gaya maka.

3. Shiga jirgi

Wajen ƙarfe bakwai na yamma jirgin ke tashi, ainihin lokacin yana rubuce a tikitinka. Ka kasance a tasha awa biyu kafin nan. Babban kaya, irin buhun albasa ko gero da ake kai wa 'yan'uwa tsaraba, ana auna shi a biya masa daban a sa a taragon kaya. Ka rubuta suna da lambar waya a jikin buhun, ka adana rasit. Ɗan dako kuma ku yi ciniki kafin ya ɗora a ka.

Magariba tana shiga kafin jirgi ya tashi, don haka ka yi alwala ka yi ta a tasha. Matafiyi yana da sauƙin haɗa ta da lisha, ya yi lishar raka'a biyu, ya shiga jirgi hankali kwance. Asuba ce za ta same ka a hanya. Ka ajiye ruwa a buta tun dare, don na bayin jirgi ba abin dogaro ba ne in gari ya kusa wayewa. Alƙibla a duk tsawon hanyar nan arewa maso gabas take.

4. Daren cikin jirgi

Da ka sami wurinka, jaka ta shiga ƙarƙashin gado ko ta zama matashin kai. Waya da kuɗi su kwana a jikinka. Duk lokacin da jirgi ya tsaya cikin dare ka tabbata taga a rufe take, ƙofar kushet kuma a sakale. Hannu ta taga ake miƙowa, kuma wayar da aka bari tana caji kusa da ita ce ke fara tafiya. Abin sha daga hannun wanda ba ka sani ba, ka yi godiya ka ce ka ƙoshi.

Akwai taragon abinci, ma'aikata kuma suna zagawa suna tambayar mai son a kawo masa. Sai dai daɗin tafiyar yana tashoshi. Ko ƙarfe nawa ne, jirgi na tsayawa za ka ji mata da yara suna kiran hajarsu a gindin taga. A Ngaoundal da Mbitom zuma ake kawowa cikin gora da jarka, zumar Adamawa mai duhu. Ka ɗanɗana kafin ka biya, ka kuma ɗaure bakin da leda don kada ta yi wa tufafinka wanka. Daga Bélabo zuwa gaba kaya sun canza: ayaba, abarba, fiya, da bobolo, wato rogon da aka jiƙa aka kirɓa aka naɗe da ganye. Ka shirya canjinka a hannu, ka karɓi kaya sannan ka miƙa kuɗi, don jirgi ba ya jiran ciniki. Kada ka sauka ka yi nisa da taragonka. Wani lokaci ya tsaya awa guda, wani lokaci minti uku, ba kuma mai gaya maka wanne ne.

In gari ya waye ka leƙa waje. Ciyawa da tazarar itatuwan arewa sun ɓace, kurmi ne kore shar, hazo na kwance a kai, kogin Sanaga yana bayyana yana ɓuya a gefen dogo wajen Nanga Eboko. Wanda ya tashi a Marwa bai taɓa ganin irin wannan duhun itace ba, kada ya bari barci ya cuce shi. Daga Obala an kusa.

Tafiyar ba ta kasa awa 13 ko 14 ba, tana kuma iya zarce haka da yawa. Saboda haka kada ka ɗaura wani alƙawari a safiyar isowa, ko na likita, ko na ofishin jakadanci, ko jarrabawa, ko jirgin sama a Nsimalen, filin jirgin saman Yawunde. Ka zo da kwana ɗaya a hannu.

5. Sauka da hawan taksi

Tashar fasinja tana Elig-Essono, dab da tsakiyar gari. Kafin ka fita ka je wurin yankan tikiti ka sayi na komawa, in ka san ranarka. Mutane da yawa suna barin wannan sai ranar ƙarshe, su ƙare a kujerar aji na biyu.

Ɗan arewa ya saba da ɗan acaba har ƙofar gida. A Yawunde taksi mai ruwan ɗorawa ne sarki, an ma hana masu babur shiga wasu manyan titunan tsakiyar gari. Hawansa yana da ƙa'ida. Ka tsaya a gefen titi ta ɓangaren da za ka nufa, in ya rage gudu ka faɗi unguwar da ƙarfi. In ya danna hon, ya yarda, ka shiga. In ya ja motarsa ya wuce, ba wulaƙanci ba ne, hanyarku ce ba ɗaya ba. Kuɗin ɗauka ɗaya da rana sefa 350 ne tun 2024, da dare ya ɗan ɗara. In wurin da nisa ka ƙara wani abu ka faɗe shi tare da sunan unguwar, in kusa ne kana iya tayawa ƙasa da haka. Mai takardar 1,000 ko 2,000 ya sanar kafin ya shiga, in ba haka ba rigimar canji ce a wurin sauka. Ana cusa fasinja biyu a gaba. In ba ka so, ka biya kuɗin mutum biyu.

Ranar farko da kaya a hannu, ka ɗauki depo, wato shatar motar kai kaɗai, ku gama magana kan kuɗi kafin a buɗe but. Mai wayar zamani yana iya kiran mota ta manhajar Yango. Da dare kada ka shiga taksin da ba shi da lamba a ƙofa, ko wanda ƙarti suka cika suka bar maka tsakiya.

6. Masauki

Baƙon da ya zo daga arewa ya sauka a Briqueterie, unguwar Hausawa tun zamanin Turawa, ko a Tsinga da ke maƙwabtaka da ita. A nan za ka ji kiran salla, ka yi ciniki da Hausa ko Fulatanci, ka sami mai shayi da asuba, tuwo da rana, ga teloli da masu shadda da atamfa layi-layi. Da dare hayaƙin masu tsire ya turnuƙe titi, har 'yan kudu da manyan ma'aikata suna zuwa da motocinsu saye. Unguwar a cushe take, lunguna matsattsu, in an yi ruwa akwai taɓo, amma tana tsakiyar gari, kusan duk inda za ka je taksi ɗaya ne. Kafin ka biya ɗaki ka shiga ka buɗe famfo, ka duba gidan sauro da sakatar ƙofa, ka kuma tambaya ko akwai mashaya a jikin ginin in kana son barci.

A wajen unguwar ka riƙa tambayar naman da ke cikin miya, don alade da naman daji ba baƙi ba ne a gidajen abincin kudu. Gasasshen kifi da bobolo ko soyayyar ayaba ba ya buƙatar tambaya, haka ma fanke da wake da koko na safe.

7. Zaga gari

Ana yi wa Yawunde kirari da gari mai duwatsu bakwai, kuma da gaske hawa da gangara ne. Wurin da kake hangowa kusa sai ka ga titi ya zagaya da kai. Ga cunkoson safe da na yamma. Kuskuren baƙo shi ne ya ce zai ga komai rana ɗaya, ya ƙare a cikin taksi. Ka raba garin shiyya-shiyya, kowace rana ɗaya.

Tsakiyar gari da ƙafa ake yinta, da safe. Ka fara da gidan tarihi na ƙasa, Musée National, kada dai ka sa shi ranar Litinin. Ginin kansa abin kallo ne: Faransawa suka gina shi don gwamnansu, daga baya ya zama fadar shugaban ƙasa a zamanin Ahmadu Ahidjo, ɗan Garwa da ya mulki Kamaru daga 1960 zuwa 1982. An gyara shi aka sake buɗewa a 2015. A ciki akwai kayan sarauta da sassaƙe-sassaƙen Bamun da Bamileke, kayan kiɗa, tufafin al'ummomin ƙasar, da hotunan lokacin samun 'yancin kai. Ka bi mai yi wa baƙi bayani, ka ba shi na goro in kun gama; kai kaɗai za ka wuce abubuwa da yawa ba ka san mene ne ba. Awa biyu ka ware masa. Daga nan ka gangara Boulevard du 20 Mai, titin da ake faretin ranar 20 ga Mayu don tunawa da 1972, shekarar da aka soke tarayya aka koma dunƙulalliyar ƙasa. Shataletalen Poste Centrale da babbar majami'ar Notre-Dame des Victoires suna nan kusa. A wannan shataletale da kasuwar Marché Central ka mayar da jakarka gaba, waya kuma ta zauna a aljihu.

Da la'asar ka hau taksi zuwa Monument de la Réunification, hasumiyar da aka gina a shekarun 1970 don tunawa da haɗewar ɓangaren da Faransa ta mulka da kudancin wanda Ingila ta mulka, ranar 1 ga Oktoba 1961. A murɗe take, hanya biyu suna nannaɗe juna har su haɗe a ƙoli, a gabanta kuma ga mutum-mutumin wani tsoho ya ɗaga wuta, yara sun rirriƙe shi. Rabin awa ya isa.

Rana ta biyu ta tudu ce, in ta dace da Juma'a ya fi. Ka yi salla a babban masallacin Tsinga, wanda Saudiyya ta gina, ka je da wuri don wuri na cika. Sama da shi kaɗan babban zauren taro na Palais des Congrès yake a kan dutsen Nkol-Nyada, aikin 'yan China da aka buɗe a 1982. Daga can rabin gari yana ƙarƙashinka. Sannan ka wuce ta Bastos, unguwar ofisoshin jakadanci, ka hau Mont Fébé da ya haura mita 1,000. Iska mai sanyi, gari shimfiɗe da jajayen rufin kwano a tsakanin kore. Taksin haya ba ya yawan hawa can, don haka ka yi depo na zuwa da dawowa, ka kuma sauko kafin duhu.

A nan ne wurin gargaɗin hoto. Fadar shugaban ƙasa ta Etoudi, barikin soja, ma'aikatu, ofisoshin jakadanci, har da tashar jirgin ƙasa, kada ka ɗaga musu waya. Ƙaramin abin da zai faru shi ne a sa ka goge, babban kuma ka yini kana bayani. In ka ji jiniya an tsayar da motoci, ka tsaya inda kake har ayari ya wuce.

Mai yara ya kai su gidan namun daji na Mvog-Betsi, akwai birai iri-iri da kadoji da tsuntsaye. Wanda ke son ganin gorila da idonsa sai ya ba da yini guda ya fita gari zuwa gandun Méfou, wajen Mfou, da shatar mota. In an kwana ana ruwa ya ɗage tafiyar, hanyar ƙasa ce a ƙarshenta. Masu ƙwallo suna da filin Ahmadu Ahidjo na Mfandena, da na Olembé mai ɗaukar mutum 60,000 inda Senegal ta doke Masar ta ɗauki kofin Afirka a Fabrairun 2022. Ni dai in ba wasa ake yi ba, ban ga abin da zai kai ni Olembé ba, nisa ne kawai da kuɗin mota.

Kasuwa ka bar ta ranar ƙarshe don kada kuɗi su ƙare tun farko. Mokolo ita ce babba, gwanjo da takalma da kayan gida, cunkosonta kuma ba wasa. Ka tafi da ɗan gari, ka bar takardunka na asali a aljihun ciki. Kasuwar Mfoundi ta kayan abinci ce, kusa da tasha, nan za ka sayi abarba, fiya da manja na tsaraba. Fiya ka zaɓi mai tauri, nunanniya ba za ta kai Garwa ba.

8. Komawa

Jirgin komawa ma da yamma yake tashi, daidai lokacin da titunan Yawunde suka fi cushewa, in kuma ruwa ya sauko taksi sai ya yi wuya. Ka bar masauki tun bayan la'asar. Manja a jarka ka ɗaure bakinsa da leda biyu ka kai taragon kaya, kada ya shiga kushet. Rigar sanyinka ta kasance a saman jaka, don wannan karon a tudun Adamawa asuba za ta riske ka. Motocin Garwa da Marwa suna jiran jirgi a Gaundare, amma kujerun gaba na masu saurin fita ne, saboda haka ka haɗa kayanka tun kafin jirgi ya tsaya. Mai zuwa Kusiri ko Njamena, in jirgi ya makara har rana ta take, ya kwana a Garwa ko Marwa ya ƙarasa da safe.